Mai Fensir Ba Ya Hawa Bango

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu raina bai huce ba.

Na tsinci kaina a wani ɗakin da ake haɗa littafin labari mai zane. Tawada tana tsattsafowa daga ƙasa tana hawa sama, tana taruwa a rufi. Kowa da aikinsa. Ni ne mai zanen farko da fensir. Lantana tana bin layina da tawada. In ta gama, sai wani kunkuru ya zo da kilina ya goge fensirin tas. Editanmu bunsuru ne mai tabarau, Malam Gambo.

Aka kawo bangon littafin. Shafi arba'in na zana, har da kasuwar shafi na tara, mutum ɗari biyu, kowa da fuskarsa. Ga sunan marubuci, ga na Lantana. Har kunkuru ya samu shiga. Amma nawa sunan, Nafi'u, babu shi.

"Malam, ina sunana?"

Yana taunar shafi na uku. "Nuna mini layinka ɗaya a ciki."

"Ai an goge."

"To ka gani."

Sai ga mu a tsakiyar kasuwar shafi na tara. Na tare mai tumatir. "Baba, wa ya yi maka hancin nan?" Ya nuna Lantana. Ta sunkuyar da kai. "Wallahi bin ka kawai nake yi, Nafi'u," in ji ta. "Amma kar ka sa ni a ciki."

Na juya zan wanke bunsurun nan tas. A cikin shafi kuwa, in mutum zai yi magana, da'ira ce take fitowa a saman kansa, wani zabo ya cike ta da rubutu. Tawa ta kumbura har ta rufe rabin kasuwa. Zabo ya hau tsani ya rubuta: Na gode, ranka ya daɗe.

"Akwai tarbiyya," in ji Malam Gambo.

Na durƙusa na tattara ɓurɓushin kilina, na cika hulata, na dangwara masa. "Ga aikina." Ya sa baki ya lashe. "Gishiri bai ji ba."

Sai na ji ƙafata ta yi sanyi. Kunkuru ne yake goge ni daga yatsu.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Kai ma fensir ne."

Na ce wa Lantana ta bi ni da tawada maza. Ta ce edita bai sa hannu ba. Gwiwa ta tafi, ƙirji ya tafi. Hannun dama kaɗai ya rage. Na fizge alƙalaminta na fara rubuta sunana a gefen bango. Harafi biyu na yi, kilina tana karta a wuyan hannuna, shar, shar, shar.

Tsintsiyar Inna ce a ƙofar ɗakina. Na buɗe ido hannuna a dunƙule. Shafukan da zan kai yau suna kan tabarma, duk da fensir. Na laluba na ɗauko biro.