Lungun Bayan Ƙofa

Tun da aka maƙala kyamara a saman allo, Anti ta daina zama a ƙasa tare da yara. 'Yan shekara uku take koyarwa a makarantar yayar mijinta, kuma iyaye na kallon ajin ta wayoyinsu daga wuraren aiki. Da zarar ta baza marafan kwalba a tabarma don yara su ware ja daban, kore daban, sai wayar ofis ta ɗauki ruri.

"Amaryarmu, so kike ki rufe mini makaranta?" in ji Yaya, mai makarantar. "Baban 'yan biyu ya ce karatu ya kawo 'ya'yansa, ba tsintar bola ba. Ki ɗora su a benci, kowa ya riƙe fensir."

"Yaya, yatsunsu ba su yi ƙwari ba. Wasan shi ne karatunsu."

"Iyayen za ki gaya wa, ba ni ba."

Ta kai kuka gida, maigidan ya ce, "Ki yi haƙuri, ita ta raine ni." Maganar barin aiki kuwa ko furta ta ba ta isa ba, dangi za su yi mata caa.

Akwai wata yarinya a ajin da ake kira Shiru-shiru, don ba wanda ya taɓa jin muryarta. Wata rana Anti ta lura cewa kyamarar ba ta kaiwa lungun bayan ƙofa, inda ake rataye jakunkuna. Ta riƙa jan yarinyar can da marafai a cikin zaninta, su durƙusa, sauran na kwafar baƙaƙe. Ana nan, ran nan yarinyar ta ɗaga wani murfi ta ce, "Ja." Anti ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Kafin mako ya zagayo, yarinyar har tambaya take: "Wannan fa?"

Sai uwar yarinyar ta zo a fusace. "Kullum na duba waya ba na ganin 'yata. Ina kike kai ta?"

Anti ta fara bayani, Yaya ta katse ta da harara, ta ba uwar haƙuri. Washegari mai gyaran wuta ya hau tsani ya ƙara wata kyamarar, tana fuskantar ƙofa.

Aka mayar da Shiru-shiru bencin gaba. In aji ya ɗauki haddar baƙaƙe da ƙarfi, sai ta riƙa motsa baki kamar kowa, amma Anti da ke tsaye kusa da ita ta san ko sauti ɗaya ba ya fita. Kyamarar kuwa hoto kawai take ɗauka.

Uwar ta bugo waya tana ta godiya, wai ta ga 'yarta na karatu da bakinta. Yaya ta kira Anti ofis, fuska a sake.

"Kin gani ko, amaryarmu? Da na biye miki fa?"

"Na gani, Yaya."

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Ta gyara mayafinta ta fita, don yaran na jiran a fere musu fensir.