Ruwan Gona da Ruwan Kati

Jama'ata, ina gaisuwa. Masu data da masu laɓewa bayan shagon mutane suna jan ta kyauta, duk sannunku. Kwana biyu kun ji ni shiru ko? Ba aure na yi ba, wayar ce ta faɗa kwata. Yau dai ku gyara zama, akwai labari, kuma na wani bawan Allah ne a wani ƙauye can bayan Gezawa.

Sunansa Malam Muntaka. Manomi ne, shekara hamsin da 'yan kai. Abin da ya mallaka gona ce guda ta gado, gero da wake a tsakani, sai keke, sai wata tsohuwar waya mai madannai da ya ɗaure bayanta da roba. A duk unguwarsu shi kaɗai ya taɓa jure layin banki har aka buɗe masa akawunt aka ba shi katin ATM. To daga ranar fa hutunsa ya ƙare. Lambar akawunt ɗinsa ta zama ta gari. Wanda ɗansa ke acaɓa a Legas, lambar Muntaka. Wanda ya kai wake kasuwar Dawanau dillali ya ce tiransifa zai yi, lambar Muntaka. Har wani ya rubuta ta da gawayi a bangon mai shayi don kada a riƙa wahalar tambaya.

Shi Muntaka bai yi boko ba, amma kalma biyu ya haddace kamanninsu a fuskar waya. Kiredit, wato kuɗi sun shigo. Debit, wato an yi masa ɓarna. Kuma abin takaicin, duk kiredit ɗin da ya shigo na wani ne, debit ɗin kuwa nasa ne shi kaɗai. Kuɗin mutum na shigowa, sai ya hau keke ya tafi Gezawa wurin Nababa mai POS, ya ciro, Nababa ya yanki cajinsa, banki ya yanki nasa, ya dawo ya miƙa wa mai shi, mai shi ya ƙirga sau biyu yana kallonsa ta gefen ido.

A wannan daminar gero ya fito da kyau, ya kai gwiwa, sai ya tsaya. Ganye ya fara rawaya daga ƙasa. Duk manomi ya san me wannan ke nufi: taki yake nema, kuma cikin satin nan, in ba haka ba sai dai a girbe kara. Buhun takin yuriya dubu arba'in da biyar. Abin da Muntaka ke da shi, nasa na kansa, dubu ashirin da ɗaya ne.

Yana tsaye a gonar da hantsi yana kallon ganyen nan, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce.

"Salamu alaikum, da Alhaji Muntaka nake magana?"

Sai da ya waiwaya ya duba ko akwai wani Alhaji a bayansa. Ba kowa sai bishiyar ɗorawa.

"Muntaka dai, 'yata. Alhajin bai iso ba tukuna."

Ta ce sunanta Nuriyya, daga bankinsa take. Ta ce sun duba akawunt ɗinsa sun ga yana motsi sosai, kuɗi na shiga suna fita, alamar babban ɗan kasuwa. Don haka an zaɓe shi za a ba shi katin kiredit, na dubu ɗari uku. Ya same ta gobe a kasuwa, ƙarƙashin lemar banki.

Kiredit. Dubu ɗari uku. Kunnen Muntaka bai ɗauki komai ba bayan wannan.

A gida ya tarar da matarsa Ramlat tana ba awaki dusa. Ya gaya mata, yana ƙoƙarin danne murmushi.

"Kin ga wanda nake da shi ai na debit ne, shi ya sa kullum cira ake yi. Wannan na kiredit ne. Shiga kawai."

Ramlat ba ta ko ɗago ba. "Malam, wane bankin? Wanda ke cire maka kuɗi don ya aiko maka da saƙon cewa ya cire maka kuɗi?"

"Shi fa."

"Shi ne ya ga rawayar geronka daga birni tausayi ya kama shi?"

"Ke dai ba kya son ganin mutum yana murna."

"Ina so mana. Ka tafi da kunne biyu dai, kada ka bar ɗaya a gida."

Washegari da safe ya fito da keke, sai ga Iya Amsa a bakin hanya, dafe da sanda. Tsohuwa ce, asalinsu daga gabas suka zo tun kafin a haifi Muntaka, yanzu ba ta da kowa a garin sai ɗanta Kamaruddeen da ke gadi a Fatakwal. Duk wata yakan turo mata ɗan abin maganin hawan jini, ta lambar da kun riga kun sani.

"Muntaka, yaron nan ya turo?"

"Bai shigo ba, Iya."

"Ka duba da kyau? Ka girgiza ta?"

"Iya, ba a girgiza waya."

"To maganin ya ƙare tun shekaranjiya. Kaina sai juyawa yake. In ya shigo kada ka bari ya kwana."

Ya ce to. Ya hau keke yana jin gajiya tun bai taka feda ba.

A bakin kasuwa Nababa mai POS ya hango shi daga cikin 'yar rumfarsa, ya ɗaga hannu.

"Gwamnan babban banki! Yau na wa aka zo cira?"

"Yau nawa na zo karɓa. An kusa daina ganina a rumfarka, Nababa. Kati zan canza."

"Allah Ya sa alheri. Kowane iri ka canzo dai, a ramin injina zai shiga, cajina kuma ɗari biyu ne."

Lemar banki na can gefen 'yan buhu. Nuriyya yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, zaune kan kujerar roba, gumi ya jiƙa gefen hijabinta, tana fifita da takardun cikewa. Ta ga mutum da keke da facin gwiwa, ta duba sunan da ke takarda, ta sake dubansa.

"Kai ne Alhaji Muntaka?"

"Ni ne abin da ya samu."

Ta ba shi kujera. Ta ciro kati a ambulan, baƙi mai ƙyalli, ba irin nasa da ya kankare har lambobin sun fara gogewa ba. Ta ce da wannan, yau ɗin nan zai iya shiga wurin mai taki ya ɗauki buhu biyu, uku ma in ya so. Muntaka ya riƙe katin da hannu biyu. A ransa har ya ga gonar ta yi kore shar, zangarniya kamar hannun ƙato.

"Kuma Baba, abin daɗin," in ji ta, "kwana arba'in ba ruwa."

Ya ajiye katin da sauri. "Subhanallahi! 'Yata, a tsakiyar damina kike faɗin haka? Ce a'uzubillahi."

Duk gajiyarta sai da ta yi dariya. "Ba na sama ba, Baba. Ruwan kuɗi. In ka mayar da abin da ka kashe cikin kwana arba'in, ba a ƙara maka komai. In ya wuce, to ruwa zai fara hawa duk wata."

"In na mayar?"

"Eh mana."

"Au. Mayarwa ake yi?"

"Baba, ai bashi ne. Katin kiredit ke nan."

Shekara nawa yana murna da kalmar nan in ta bayyana a waya, ashe tana da wata fuskar. Ya ji kunya ta rufe shi, ya gode Allah da Ramlat ba ta wurin.

Amma bai tashi ba. Kunya ba ta mayar da ganye kore. Ya fara lissafi da yatsu a kan gwiwa. Gero ba zai shiga hannu ba sai nan da kwana saba'in, in Allah Ya kai rai. Arba'in ba za ta kai shi ba. Ke nan ruwa sai ya taɓa shi, kuma ya san abin da malamai ke faɗa a kan wannan ruwan, ba sai an tuna masa ba. Sai wata zuciyar ta ce, ai kana iya sayar da ɗan akuya ɗaya kafin arba'in ɗin ta cika, ka rufe, ba wanda ya ji. Akuyar Ramlat ce, amma wannan rigimar gida ce, ya saba. Buhu ɗaya tak. Ya miƙa babban yatsa.

"Ina zan dangwala?"

Ta buɗe tawada. Daidai nan wayarsa ta yi tsit-tsit a aljihu. Ya ciro, ya kare fuskarta da tafin hannu saboda rana. Kiredit. Dubu goma sha biyar. Bai iya karanta sunan ba, amma ya san adadin, ya san ranar. Kamaruddeen ne.

Ya tsaya da yatsa a sama.

"'Yata, in ranar biyan ta zo, ni zan kawo muku, ko yaya ake yi?"

"A'a, ba sai ka wahala ba. Daga akawunt ɗinka za a cira kai tsaye."

"In ba ni da kuɗi a ciki fa?"

"Duk abin da ya fara shigowa."

Ya juya mata wayar. "Kamar wannan?"

"Kamar wannan."

"Wannan na maganin wata tsohuwa ne. Ba nawa ba ne."

"Baba, na'ura ce. Ba ta san tsohuwa ba. Sunanka ta sani."

Nan ya gaya mata gaskiya. Ya ce motsin da suka gani a akawunt, ba kasuwancinsa ba ne, na gari ne. Shi ɗan aike ne kawai da keke. A duk dubu ɗarin da ta shiga, da ƙyar dubu biyar tasa ce.

Nuriyya ta ajiye biro, ta goge fuska. "To ka hana su turowa mana, har ka gama biya."

Ya yi ƙoƙarin ya ga kansa tsaye gaban Iya Amsa yana cewa ta nemi wata lambar. Wace lambar? Ya tuna bangon mai shayi. Ko ya goge gawayin, lambar na cikin wayar 'ya'yan mutane daga Legas har Fatakwal. Wata rana kuɗin wani zai shigo da asuba, na'ura ta haɗiye kafin ya idar da salla, kuma ba na'ura za a zo wa ƙofar gida ba.

"Baba, ka taimaka," in ji ta a hankali. "Mutum goma aka ce in kawo yau. Tun safe biyu na samu."

"Allah Ya kawo miki takwas masu ƙarfi, 'yata. Ni ba na ciki."

Ya goge yatsan da ko tawada bai taɓa ba a jikin riga, ya tura mata baƙin katin, ya ja kekensa.

Nababa na ganinsa ya fara washe baki. "Ina sabon katin, ranka ya daɗe?"

Muntaka ya miƙa masa tsohon. "Sha biyar na Iya. Sannan ka kwashe nawa duka."

Sau biyu injin yana cewa ba sabis. A na uku ya yi. Da kuɗinsa ya shiga wurin masu taki, ba wajen buhu ba, wajen masu aunawa a kwano. Aka auna masa abin da kuɗin suka kai, bai kai rabin buhu ba. Ya ɗaure a bayan keke.

Iya Amsa na nan inda ya bar ta. Ta karɓa, ta lashi yatsa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Muntaka, ba ɗari biyu."

"Caji ne, Iya."

"Kullum caji. Wannan Cajin ɗan gidan uban waye?"

Bai da ƙarfin bayani. Ya laluba aljihu, ya sami ɗari biyun da ya ajiye don faci, ya cika mata.

Da la'asar shi da Ramlat suka shiga gona. Ba watsawa suka yi ba, wa ya ga ta watsawa. Da murfin kwalba suka riƙa aunawa, gindi ɗaya murfi ɗaya, suna rufewa da ƙafa. Ramlat ba ta tambaye shi ina katin ba. Ta dai ce, "Na ga ka dawo da kunnuwanka duka biyu." Suka fara daga gabas. Daidai gindin ɗorawa, tsakiyar gona, takin ya ƙare. Ya zazzage ledar, ya kakkaɓe ta. Sauran rabin sai kashin awakin Ramlat, iya abin da ya samu.

Suna hanyar gida wayar ta yi tsit-tsit. Bai ko ciro ta ba. Ya san wace kalma ce: debit.

Satin jiya na bi ta gefen gonar, jama'a. Daga ɗorawa zuwa gabas kore ne shar, ya fi ƙugu. Daga ɗorawa zuwa yamma kuwa kamar mai ciwon shawara. Rabin da ya yi koren nan ba zai kai su wata daminar ba, shi ma ya sani, har ya fara tambayar aikin dako a Dawanau in rani ya yi. Lambarsa kuma tana nan a bangon mai shayi, wani ma ya sake bin ta da sabon gawayi.

To ku da kuke kwance kuna karantawa, ku faɗa mini tsakani da Allah. Ga tawada a buɗe, ga gero na rawaya, ga kuɗin tsohuwa ya shigo. Za ku dangwala, ko za ku ja keke?