Kofin Farko na Mai Gona

"To in ba kai ba, wa zai ɗanɗana? Akuyar Desanka?"

Baffa Obrad ne ya yi tambayar, yana jingine da ƙofar rumfar da aka jera gangunan tsimi, hularsa ta zame zuwa ƙeya. Miladin bai ɗago ba. Ya ci gaba da faskaren da yake yi, kamar gatarin ne zai amsa masa.

"Ai kai ma kana da baki, Baffa."

"Ina da shi, amma na cin abinci ne da zagin gwamnati. Bakin ɗanɗano ubanka ne ya samu, ya bar maka. Ni kunnuwa na gada, ka gan su nan kamar na jaki."

Tsohon ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya shiga bayani. Ranar Alhamis Buda mai dafa barasa zai jawo tukunyar tagullarsa da tarakta daga gidan maƙwabciyarsu Desanka zuwa nan. Gida goma sha ɗaya ke jiran layi, ba a sauya wa kowa rana. 'Ya'yan shiliba, itacen da ake barasa da shi, waɗanda ke cikin gangunan sun gama tsimuwa, kumfarsu ta kwanta, in aka ƙara mako guda za su yi tsami su lalace, wahalar shekara ta bi ruwa. Miladin ya ce ranar Alhamis yana shiga gari. Obrad ya ce ya sani, duk ƙauyen ma ya sani, har mata sun rabu gida biyu a kai: wasu sun ce mace yake zuwa gani, wasu sun ce likitan ƙwaƙwalwa.

"Taron masu shan kofi ne, ni dai na gaya musu," in ji shi. "Kofi ba ya guduwa, ɗana. Kurɓa ɗaya ce, ba wanda ya ce ka yi wanka a ciki."

Ya tafi yana jan ƙafa, ya bar ƙofar shinge a buɗe kamar yadda ya saba.

Wata tara da kwana goma sha ɗaya ke nan rabon Miladin da barasa. Kowace safiya da wannan lissafin yake tashi, kafin ma ya tuna sunansa. A farkon bazara mahaifinsa Tihomir ya rasu, shi kuma ya tattaro kayansa a jaka biyu ya dawo gidan da aka haife shi, domin a birni ba abin da ya rage masa sai ɗakin haya da lambar wayar matar da ta daina ɗauka. Gidan ya yi masa girma. Yana dafa wake a ƙaramar tukunya, ya ci a tsaye a bakin taga. Kwat ɗin mahaifinsa na nan rataye a bayan ƙofa, ya kasa sauke shi, ya kuma kasa sawa. Wani lokaci sai ya ankara cewa tun wayewar gari bai yi magana da kowa ba sai kaji.

Da shiliba ta nuna, itatuwa suka yi shuɗi har rassa na karyewa, bai nemi kowa ba. Wata safiya kawai ya ga Obrad da maƙwabta a gonar da dogayen sanduna, suna kaɗa itatuwan, mata na tsince na ƙasa. Kafin yamma sun cika ganguna bakwai. Alheri suka yi masa, alherin da ake yi wa gidan da aka yi rasuwa, kuma ba a mayar da irinsa. Ya yi godiya, ya dafa musu kofi. Tun daga ranar ƙamshin tsimin yake shigowa ta tagar ɗakinsa, mai zaƙi, mai nauyi, kamar muryar wadda ka taɓa so tana kiran sunanka daga bayan katanga.

Kowa a ƙauyen ya san yadda ranar dahuwa take. In tukunya ta ɗau zafi, ruwan da ya fara tsiyayowa mai kaifi ne, yana sa ciwon kai, zubar da shi ake yi. Bayansa sai mai kyan ya biyo. Sanin inda na farko ya ƙare na biyu ya soma, shi ne duk aikin. Buda yana da ma'aunin gilashi, amma ba wanda ya yarda da gilashi. Mai gona ne ke karɓar kofin farko, ya ɗan tsiyaya a ƙasa saboda mamatan gidan, ya kurɓa, ya haɗiye, ya ce ta yi. Kafin ya faɗi haka ba mai zama, ba mai yanka burodi. Shekara arba'in Tihomir yana faɗin wannan kalma, har daga wasu ƙauyuka ake aiko masa. Miladin na ɗan shekara goma sha huɗu uban ya miƙa masa kofin a gaban mutane, ya kurɓa, ya ce da saura kaɗan. Tihomir ya ɗanɗana, ya dube shi tsawon lokaci, ya ce wa mazan, wannan ya samu. Iyakar yabon da ya taɓa ji daga bakinsa ke nan, kuma ya ɗauke shi ya yi ta yawo da shi shekara talatin, daga mashaya zuwa mashaya.

Ɗakin da masu ƙoƙarin barin barasa suke taruwa a gari yana ƙarƙashin zauren wata coci, yana warin kyandir da danshi. In sun cika su shida ne. Gradimir, tsohon direban jirgin ƙasa da ya shekara goma sha shida bai sha ba, shi ne ke riƙe da hannun Miladin a tafiyar, shi yake kira in abin ya taso masa. Da za a yi wa Gradimir aikin gwiwa, sai ya danƙa wa Miladin makullin ɗakin, ya ce daga yau shi ne mai buɗewa, shi ne mai dafa kofi. Akwai Alhamis ɗin da aka yi ruwa ba wanda ya zo. Miladin ya jera kujeru, ya dafa kofin mutum shida, ya zauna. Da ya ga ƙarfe biyar ta wuce, sai ya miƙe ya karanta matakai goma sha biyu na barin shaye-shaye da ƙarfi, kujeru na sauraro. Ya wanke kofuna, ya kulle, ya hau motar komawa. Abin mamaki, ranar bai ji kaɗaici kamar yadda yake ji a tsakiyar ƙauyensu ba.

Ranar Laraba da hantsi ya haura bayan gida inda waya ke kamawa, ya kira Gradimir. Ya zayyana masa komai, sannan ya kawo dabarar da ya kwana biyu yana saƙawa: zai kurɓa, ya juya ta a baki, ya juya baya ya tofar.

Gradimir ya yi dariya har da tari. "Ɗan'uwa, tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa tofar da ita?"



Gradimir ya ce ba zai gaya masa abin da zai yi ba, shi ba limamin coci ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Ya tuna masa dai da malamin makarantar nan da ya zo makon jiya, wanda ya zauna kusa da ƙofa, kofi ya zube masa a wando, bai faɗi komai ba sai sunansa, amma da zai fita ya tambaya ko kowace Alhamis ake buɗewa. Miladin ne ya ce masa e. Daga nan Gradimir ya tambaye shi labarin takardarsa, wadda ya rubuta sunayen mutanen da ya cuta, waɗanda zai nemi gafararsu. Miladin ya ce tana nan. Sunan farko, na mahaifinsa, shi ne ya tsayar da shi. Yaya ake neman gafarar wanda ke ƙarƙashin ƙasa? Sau uku uban ya aika a kira shi lokacin jinya ta farko, yana can birni a buge bai zo ba. Da uban ya warware kuma kunya ta hana Miladin zuwa, yana cewa sai ya cika shekara bai sha ba zai zo ya nuna kansa. Mutuwa ba ta jira shekarar ba.

"Bar shi a takardar," in ji Gradimir. "Ba ya sauri yanzu."

Alhamis ta waye da sanyi, rana fes. Tun da safe taraktar Buda ta shigo tana tari, tukunyar na bayanta tana ƙyalli. Aka girka ta a gindin itacen gyadar turawa da ke tsakar gida, aka liƙe bakin murfin da ƙullun gari, aka cika randar sanyaya bututu da ruwan rijiya. Maza bakwai suka zo. Desanka ta aiko da cuku da gasasshen tattasai da kyafaffen nama, aka jera a tebur, aka rufe da ƙyalle. Miladin ne ke iza wuta da itacen da ya faskara da hannunsa. Suna ta ba'a, ana tsokanar Buda cewa tukunyarsa ta girme shi amma ta fi shi haƙora, shi kuma yana cewa ita ce matar da ba ta taɓa yi masa gori ba. Wani ya dafa kafaɗar Miladin a wucewa. Ya daɗe rabon da wani ya taɓa shi, har sai da ya ji abin a ƙirjinsa.

Tukunyar farko ta yi jinkirin ɗaukar zafi saboda murfin ya yi yoyo, sai da aka sake liƙewa. Ƙarfe biyu saura kaɗan ta fara ɗiga. Ƙamshin ya cika gidan. Miladin ya ji yawu ya taru a bakinsa, jikinsa gaba ɗaya ya tuna abin da shi yake ƙoƙarin mantawa. Ya sa hannu a aljihu, ya damƙe makullin ɗakin taron har haƙoran ƙarfen suka shiga tafinsa.

Buda ya zubar da na farko, ya tara ƙaramin kofin gilashi, kofin Tihomir mai tsaga a baki, ya miƙo masa. Mazan suka cire huluna.

Miladin ya karɓa. Bai kai bakinsa ba. Ya kawo shi kusa da hanci kawai, kafin ya yi tunani maganar ta fita da kanta.

"Da saura. A bar ta ta ƙara zubar da rabin moɗa."

Buda ya tsoma ma'auninsa, ya ɗaga shi a rana, ya yi fito. Mazan suka dubi juna. Obrad ya share ido da bayan hannu, ya ce ko muryar ma ta Tihomir ce, da hanci kawai, ku duba fa, da hanci kawai. Wani ya ce ai sun faɗa, jini ba ya ɓata. Nan take Miladin ya ji wani ɗumi ya lulluɓe shi, ɗumin da ya yi wata tara yana nema bai samu ba. Ga wurinsa. Ga mutanen da suka san kakansa, suna kallonsa kamar bai taɓa kwana a bakin titi ba. Tsakaninsa da su kurɓa ɗaya ce, daga nan za a ja masa kujera, a yanka burodi, a yi ta waƙa har rana ta faɗi, kuma ba zai sake cin wake a tsaye ba. Ya kuma san, sani irin wanda ba ya buƙatar hujja, cewa ba za ta tsaya a ɗaya ba. Ba ta taɓa tsayawa ba.

Aka sake cika kofin. Wannan karon ta yi, hancinsa ya gaya masa tun kafin ya karɓa. Tsaf take kamar hawaye. Daga can ƙasan kwari ya jiyo motar ƙarfe biyu da rabi mai zuwa gari tana hawowa, tana nishi a kwanar injin niƙa.

Ya yi alamar gicciye. Ya karkata kofin saboda mamata, kamar yadda ake yi. Ɗigo uku suka faɗi a kan busassun ganye. A nan ya kamata ya tsaya, kowa ya san a nan ake tsayawa. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da tsiyayawa a hankali, siririn ruwan yana haske a rana, ƙasa tana shanyewa, leɓunansa na motsi. Obrad da ke kusa ne kawai ya ji abin da yake cewa: Baba, ban zo ba da ka kira, ga shi na zo, wannan duka naka ne, ka yafe mini. Har kofin ya ƙare.

Itace ya fashe a cikin wuta. Buda ya sunkuyar da kai yana gyara bututun da ba abin da ya same shi. Fuskar Obrad ta yi ja, sannan ta saki, ya zama tsoho ƙwarai a lokaci guda.

"A gaban mutane, Miladin?" ya ce a hankali. "Kofin ubanka?"

Miladin ya ji zafin maganar, ya kuma san za a daɗe ana maimaita ta a ƙauyen, za a daɗe kafin wani ya sake dafa kafaɗarsa. Ya kamo hannun baffansa, ya sa masa kofin a ciki, ya naɗe yatsun tsohon a kai da nasa hannun biyu. Motar ta yi oda a bakin hanya.

"Gangunan naka ne, Baffa, bana da baɗi da duk shekarar da itatuwan nan suka yi 'ya'ya. Kai za ka riƙa cewa ta yi. Ni ba zan sha ba yau. Akwai mutumin da na ce wa kowace Alhamis ake buɗewa, kuma makullin yana aljihuna. Zan bi motar nan."