Dutsen Gugan Kaka

Ranar da Auta ta zo kwasar tarkacen bayan ɗaki, Kaka ta ɗauka bola za ta kai su. Auta jikarta ce, mai ɗaukar hoto, kwanan nan kuma ta shiga harhaɗa ƙarafa tana fitar da siffofi. Ta zaƙulo tsohon dutsen guga na gawayi, da fitilar ƙwai marar gilashi, da ƙafar keken ɗinki, tana goge su da gefen zanenta kamar ta tsinci zinariya.

"Me za ki yi da wannan shirgi?" in ji Kaka.

"Baje koli za mu yi. Miƙo hannunki ma in ɗauki hotonsa."

Kaka ta miƙa, ƙyas, aka ɗauka, ta manta da zancen.

Bayan wata uku Auta ta sa ta a mota zuwa wani dogon zaure mai farin bango, cike da mutane. Tana shiga ta ja ta tsaya. Ga hannunta a jikin bango, ya fi ƙofa tsawo, kowace jijiya a fili.

"Ke 'yar nema! Da kin ce duniya za ta gani, ai da na shafa mai."

A tsakiyar zauren kuwa wani zakaran ƙarfe ne tsaye a kan ƙafar keken. Dutsen gugan ne ƙirjinsa, fitilar ce kansa, tsofaffin cokula sun zama fikafikai. Kaka ta zagaye shi sau biyu. Ya burge ta, ba ta dai faɗa ba.

Wani malamin jami'a mai tabarau yana yi wa baƙi bayani. Ya nuna inda gefen dutsen ya lotsa, ya ce wannan alama ce ta wahalar da matan zamanin da suka sha. Mutane sai gyaɗa kai suke, wata har da rubutawa.

Kaka ta yi gyaran murya. "Ɗan nan, wa ya gaya maka?"

Malamin ya juyo. Auta ta rufe fuska da tafin hannu.

"Kakan yarinyar nan ne, Allah ya jiƙansa," in ji Kaka. "Wai ban iya karin wando ba, shi zai goge abinsa. Garwashi ya faɗo masa a ƙafa, ya yi jifa da dutsen ya daki bango. Kwana uku yana ɗingishi, duk wanda ya tambaya sai ya ce targaɗe ne."

Zaure ya ɗauki dariya. Malamin ya fi kowa, har da cire tabarau yana share ido.

"To Mama, keken fa?"

Kafin ta amsa an kawo mata kujera. Ta ba su labarin yadda ta ɗinka wa rabin yaran layinsu kayan makaranta, da amaryar da ta yi wa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aka sha biki ba wanda ya lura. Masu kallo suka bar hotuna suka kewaye ta.

A hanyar gida Auta ta ce masu zauren suna roƙon ta riƙa zuwa duk Asabar.

"Ni da wannan gwiwar? Ku bar ni in huta."

Suka wuce shataletale. Can Kaka ta gyara zama.

"Ƙarfe nawa suke buɗewa?"