Bari Ta Ƙara Sauka

Tela mutum ne da ba a cutarsa a ciniki, kuma wannan halin ne ya cuce shi. Da 'yarsa Auta ta samu gurbin karatun zanen gine-gine, ta ce masa sai da kwamfuta, bai yi gardama ba. Ya haɗa kuɗin tsaf, ya nufi shago. A can ne mai shagon ya yi suɓutar baki, ya ce ai farashin kullum sauka yake yi.

Shi ke nan, an sosa wa Tela inda yake masa ƙaiƙayi. Ya dawo da kuɗinsa. Duk ƙarshen wata sai ya bi ta gaban shagon, ya leƙa farashin da ke manne a gilashi, ya dawo yana murmushi kamar wanda ya ci riba.

"Baba, an fa ba mu aikin da za mu miƙa," in ji Auta.

"Bari ta ƙara sauka, 'yata. Gaggawa aikin shaiɗan ce."

Kafin a ce kwabo, kwamfuta ta shiga gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, har gidan mai wanki. Auta ta riƙa bi gida-gida tana aro, tana zaune a bakin ƙofa sai yara sun gama wasa da kwamfutar. Tun ana ba ta da fara'a, har aka koma ana hango ta sai a ce babu caji. Daga nan ta daina roƙon kowa, har uban nata. Shi kuwa ya ɗauka hankali ta ƙara.

Ranar da farashin ya faɗo rabi, Tela ya shigo shagonsa rungume da kwali, baki har kunne. Ya tarar da Auta a kan keken ɗinkinsa tana bin bakin wani zane.

"Ga ta! Kin ga amfanin haƙuri? Yau babu makaranta ne?"

"Sun sallame ni, Baba. Tun wancan watan. Ban miƙa aiki ko ɗaya a kan lokaci ba."

Ya buɗe baki zai gaya mata nawa aka rage masa, kunya ta hana shi.

Auta ta buɗe kwalin, ta zaro igiyar awon da ke wuyanta, ta gwada tsawo da faɗi. Sannan ta tsinci ƙyalle a ƙasa, ta shiga ɗinka wa kwamfutar riga, kada ta yi datti.