Mai Zuwa a Makare

"Lucien! Taras! Ku ja su gefe!"

Muryar ce ta sa na ajiye kofina na leƙa ta taga. Maƙwabcina Orest Dubyk na tsaye a tsakiyar filin wasan da yake zuba wa ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara a bayan gidansa kowane hunturu, daga shi sai rigar barci da silifa, ga sandar hoki a hannu. Rana ta fito tarwai. Babu kowa a filin sai shi da baƙin faifan robar da ake buga wasan da shi a gabansa. Mutum biyun da yake kira kuwa, tun ina da gashi a kaina suke kwance a ƙarƙashin tafki.

Na zura kwat na tsallake shinge. Har gobe tsallake shinge nake yi, ku tambayi kowa a layinmu.

"Koci, silifa a kan ƙanƙara? Da mu ne da ka sa mu zagaya fili sai mun yi amai."

Ko kallona bai yi ba. Ya riƙa tura faifan a hankali har ya ƙetare shuɗin layin da ya shafa da fenti, sai ya ɗage sanda ya bar faifan a wurin, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Da ya kai bakin raga ya tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraro.

"Ba a ɗauka ba," in ji shi. "Ina na ukun?"

'Yarsa Lesya ta fito da bargo a guje, ta lulluɓe shi. "Baba, so kake ka kashe ni? Kawu Eino, riƙe masa wancan hannun."

Na riƙe, amma ta gaba na tsaya, ina fuskantarsa, muka shiga gida ina tafiya da baya.

Sai na faɗa muku dalili. Orest ne ya horar da ƙungiyar hoki ta mahaƙan ma'adinai na garin nan lokacin da muke maza. Ni ban yi makaranta ba, sunana ma da kyar nake zana shi, amma harin da ya koya mana ko a mafarki zan yi shi. Da zarar mun ƙwace faifai a gidanmu, babu tsayawa murna, babu waiwaye. Lucien ya ɗauki dama, Taras ya ɗauki hagu, su fyalla tun abokan gaba ba su gama juyowa ba. A kan shuɗin layi sai su gitta wa juna, masu tsaro su bi su gefe, wanda ke riƙe da faifan ya sake shi a bayansa ba tare da ya duba ba. Sai na uku ya iso a makare, ya tarar da faifai a kwance, hanya fayau har raga. Ni ne na ukun. Da wuri ka zo ka ɓata komai. Babu wanda ya iya makara kamar ni a duk arewacin nan.

A wasa kuma Orest ba ya kiran suna. Bayan benci yake tsayawa. In ya buga kafaɗarka sau biyu, ka dira kan ƙanƙara, ba tambaya. In ya ɗora hannu ya bar shi a wurin, nufinsa ka zauna, lokacinka bai yi ba.

A ƙarshen wani hunturu za mu je wasa a garin da ke ƙetaren tafki, ta hanyar da motoci ke bi a kan ƙanƙara. Ya buga kafaɗar Lucien, ya buga ta Taras, ya buga tawa, wai mu shiga motar gaba da kaya. Na tsaya neman safar hannuna, kafin in zo sun cika gaban mota, sai na haye baya cikin sanduna. A tsakiyar tafki ƙanƙara ta buɗe baki. Ruwa ya ɗanɗana ni ya tofar. Su bai tofar da su ba. Bayan nan ramin haƙar ma'adinai ya rufta a kaina, na fito ina neman taba. Likita ya yanke mini rabin huhu, ni na je jana'izar likitan. Amma tun daga ranar tafki Orest bai sake taɓa kafaɗar kowa ba, usur ya saya. Ni kuma ban sake juya masa baya ba. Ba tsoro ba ne, sabo ne kawai.

Lesya ta zaunar da shi a kicin, ta zuba mana jar miyarsu ta kabeji. Bai ko ɗauki cokali ba. Kwalaben magungunansa ya jawo ya jera a kan tebur.

"Duba nan, Makararre." Sunan da suke kirana ke nan. Ya tura kwalba biyu gaba, ya gitta su, ya kai su har bakin tebur. Ya sa murfi ɗaya a tsakiya. Kwalba ta uku ya bar ta can baya kusa da gishiri. "Sun yi aikinsu. Sun ja masu tsaro, sun buɗe maka fili. Me kake jira?"

"Miya nake sha, Koci."

"Kullum kai ciki. Sun gaji, Eino. Mutum ba ya daɗewa haka a kan ƙanƙara ba a canje shi ba. Ina jin numfashinsu."

"Baba, sha miyarka," Lesya ta ce.

"Ba kya ji? Taras ne mai tarin nan."

Muka kasa kunne. Bututun ɗumama ɗaki ne ke ƙara a cikin bango, na san shi, ni na gyara masa shi bara. Duk da haka cokalin Lesya ya tsaya a iska. Ina kallo hannun Orest ya taso daga tebur, ya nufo ni a hankali, yatsu a buɗe. Na miƙe na ce na bar wuta a kunne a gida.

Daga ranar bai sake fita ba. An kawo masa gadon asibiti aka sa a falo, inda zai riƙa hango filin. Ɗumi ya fara shigowa, ƙanƙarar rufin gidaje na ɗiga. Kullum nakan leƙa, in tsaya daga ƙafar gado in ba shi labarin yadda na ci ƙwallo da karyayyen haƙarƙari. Wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya dubi bayana kamar akwai masu jira a ƙofa.

Ran Laraba da azahar Lesya ta ƙwanƙwasa mini. Idanunta sun kumbura.

"Kawu, hannunsa ya ƙi kwanciya. Tun jiya yake laluben iska. Mai jinya ta ce jikinsa ya gama, ba ta san abin da ya riƙe shi ba. Ni na sani, kai ma ka sani."

"Ni likita ne?"

"Zama kawai za ka yi a bakin gado. Ka ba shi baya."

"Ke yarinya, ba ki san abin da kike roƙo ba."

"Ba kai ne kake cewa mutuwa in ta hango ka sai ta canza titi ba? Duk garin nan ka ishe mu da wannan zance. To ga tsoho ya kasa tafiya saboda 'yan wasansa ukun nan ba su cika ba."

Babu wanda ya taɓa kirana matsoraci ya kwana da haƙoransa cikakku. Ita ma ba ta faɗa ba, ta dai tsaya a ƙofa ta ƙi tafiya. Na ɗauki hulata.

Orest ya rame har gadon ya yi masa yawa. Idonsa a rufe, hannun dama na sama yana yawo. Na zauna a bakin katifa, na juya masa baya, na dafa gwiwoyina yadda muke zama a benci. Ta taga ina hango filin, ruwa ya kwanta a kansa yana sheƙi.

"Ga ni, Koci. Na makara?"

"Kamar kullum," ya ce, da wata murya garau wadda rabona da ji tun muna samari.

Hannun ya sauka a kafaɗata. Sau ɗaya.

Na ƙura wa raga ido ina jiran na biyu. Ruwan rufi na ɗiga a kan matakala. Cinyoyina suka ɗaure da kansu, irin na mai shirin dira, ban sa su ba. Hannun bai tashi ba. Ya yi ta ƙara nauyi, sanyinsa na ratsa rigata, har na ji Lesya ta ce, "Ya tafi, Kawu." Ita ta ɗauke shi daga jikina.

A wurin jana'iza ta tambaye ni abin da yake nufi. Na ce a bayyane yake, ya ɗora hannu ya bar shi, cewa ya yi in zauna, lokacina bai yi ba. Ta ce ita dai ta ga yatsun sun fara ɗagawa kafin su tsaya. Yarinya ce, ba ta san hoki ba. Ni da aka ɗora wa hannun ai na fi ta sani.

Na binne shi kamar yadda na binne sauran abokanmu. Yanzu a tsaye nake shan kofina, bayana a jikin bango, don ya fi mini daɗi a ƙugu. Daga nan ina hango filinsa. Katakon gefe ya fara kwantawa, shuɗin fenti ya bi ruwa ya shiga ciyawa. Faifan na nan inda ya sake shi. Rana ta ɗumama baƙar robar, ta nutse cikin ragowar ƙanƙara, wani ɗan baƙin ruwa ya kewaye ta.