Sunan Mai Rijiya

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Sati uku ke nan ina fama da takardar asalin gidanmu, wadda dangi suka ɗora mini in rubuta kafin taron zumunci na ranar Asabar, wai tunda ni ne malamin makaranta. Na samu kowa har jarirai, mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya. Layin sama ne kawai ya gagare ni. Mutumin da ya sare daji ya kafa ƙauyenmu, kowa Mai Rijiya yake ce masa. Sunansa na yanka kakata Inna Tabawa kaɗai ta sani, ga shi surukinta ne, ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Yara biyu aka taɓa sa wa sunan, duka suka koma tun suna goye, sai aka daina. Inna ta haura casa'in, kuma bana tari ya ƙi sakin ta.

To, a mafarkin sai ga ni da hantsi a Ofishin Asali. Awaki ne ma'aikatan. Wani bunsuru mai tabarau ya ce in zauna, na zauna, kujerar ta taka ta kai ni gabansa.

"Sunan wa kake nema?"

"Na kakan babana, ranka ya daɗe. Mai Rijiya."

"Muna da shi. Ni da kaina na cinye takardar."

"Ka cinye?"

"Haka muke ajiya a nan. Gara ba ta taɓa ci mana ko shafi ɗaya ba."

Na ga akwai hankali a maganarsa. Na roƙe shi ya yi tuƙa ko sunan zai dawo. Ya yi, ya yi, sai ga sunan wani mai gyaran keke na wani gari. Ya ba ni haƙuri, ya ce in je in tambayi mai abin.

A waje ana ruwa, daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Na bi ta kukar ƙofar gidanmu. Saiwarta na sama, rassanta na ƙasa, dangina duka suna rataye a jiki suna lilo: na Zariya, na Legas, har Baffa Iliya da ya tafi Sudan a ƙafa bai dawo ba. Duk wanda na gaisar sai ya tambaye ni ko za a dafa shinkafa ranar Asabar.

Na tarar da Mai Rijiya yana haƙa rijiyarsa, ya kai gaba goma sha biyu a sama. Gajere ne, da faffaɗan kunnuwa irin nawa. Shekara arba'in ina zargin dangin uwata a kan kunnuwan nan, Allah ya yafe mini.

"Baba, sannu da aiki. Ni jikan ɗanka Magaji ne."

"Ku nawa ne yanzu?"

Na faɗa masa. Ya ajiye dagi, ya daɗe yana kallona.

"Ni da mace ɗaya da jaki muka zo. Duk kuna samun ruwa?"

"Muna samu, Baba."

"To madalla."

Na ce sunansa nake so. Ya laluba aljihu, ya duba cikin hula, ya ce babu. "Tun ranar da ruwa ya fito a rijiyar nan ba wanda ya sake kira na da shi, sai ya yi fushi ya bar ni. Yana wurin yarinyar nan, matar Magaji, ita ke ba shi tuwo. Ranar da ta taso nan tare za su zo, ku kuma shi ke nan."

Ina juyawa sai ga Inna tana amarya, da tulu a ka, amma muryar ta yanzu ce, har da tarin.

"Angona, me ya fito da kai cikin ruwa ba takalmi?"

"Inna, sunan nan. Ki taimake ni."

"Kai dai ba ka da ta ido. Shekara saba'in da biyar yana bakina ban bari ya zubo ba, sai yau don ka sayi biro?"

"Idan kika tafi da shi fa?"

Ta gyara zaman tulun. Can ta ce, "Ni aka hana faɗa. Kai wa ya hana ka?"

Sai na fara jero sunaye. Duk wanda na kira sai ya fito daga bakina ya zama zabo ya ruga daji. Zabi sun cika fili, ina haki, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido, gari ya waye. Inna ce a ƙofar ɗakinta tana daka goro a ɗan turminta, don haƙora sun daɗe da yi mata sallama. Na ɗauki takardata na je na tsuguna a gabanta.

"Tsohuwa, ba sai kin ce komai ba. Ni zan yi ta kira, ke dai ci gaba da dakanki."

"Yau kuma da wannan ka tashi?"

"Zubairu."

Ƙwas, ƙwas.

"Ɗayyabu. Sama'ila. Ukasha."

Ƙwas, ƙwas. Na kira sun fi talatin, har rana ta fara duka na a ƙeya.

"Haladu."

Turmin ya yi shiru. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska kamar wadda aka kawo jiya.

"Tashi ka ba ni wuri, marar kunya," in ji ta.

Ban tashi ba sai da na cike layin sama.